Neman Ƙwararren Mai Ɗaukar Hoton Ambaliya da Lalacewar Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da zarar Agusta ta raba tsakiya, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari, manoman fadama, masu bincike a jami'o'i da ma'aikatan agaji: ruwa ya ci mu, wa zai ɗauki hoton abin da ya faru ta yadda za a yarda da mu? Waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji a shekarun da na yi ina aiki da garuruwan da ke bakin kogi, tare da amsoshin da na saba bayarwa.

Kowa na da waya a aljihu. Me ya sa sai an nemi ƙwararre?

Hoton waya yana da amfani ƙwarai, kuma kada wanda ya raina shi. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri, mutanen Gwange da Fori da sauran unguwanni ne suka fara nuna wa duniya halin da ake ciki da wayoyinsu, tun kafin wani ɗan jarida ya iso. Matsalar tana zuwa ne daga baya. Bayan wata biyu, idan aka zo maganar diyya, ko sake gina gada, ko rubuta rahoto ga mai ba da tallafi, sai a tarar hotunan sun bi ta WhatsApp sau goma, sun dushe, ba a san wanda ya ɗauka ba, ba a san ranar ba, wani ma ba a tabbata a garin aka ɗauke shi ba.

Abin da ake biyan ƙwararre dominsa ba kyawun kyamara kaɗai ba ne. Shi ne sanin abin da ya kamata a ɗauka, rubuta sunan wuri da rana da bayanin kowane hoto, adana asalin fayil, da kuma iya tsayawa gaban hukuma ya ce ni na ɗauka, a wuri kaza, ranar kaza.

Mai hoton da ke mana biki da suna ba zai iya ba?

Wani zai iya, amma aikin daban ne. Mai hoton biki ya saba gyara mutane, ya ce a matso, a yi murmushi, sannan ya goge fuska a kwamfuta. A aikin ambaliya wannan ɗabi'ar ce ke ɓata komai. Na taɓa ɗaukar wani mai shagon hoto zuwa wani ƙauye da ruwa ya cinye, saboda shi ne kusa kuma yana da sauƙin kuɗi. Ya dawo mana da hoto sama da ɗari, kusan duka na manyan baƙi ne suna miƙa buhun shinkafa, ga dagaci a tsakiya. Babu hoto ko ɗaya na rumbunan da suka zube, babu na jingar da ta karye. Laifina ne, domin ban gaya masa abin da nake so ba.

Wanda kuke nema shi ne ɗan jarida mai ɗaukar hoto, ko mai ɗaukar hoton adana tarihi, wato wanda ya saba ɗaukar abu yadda ya same shi. Idan kuma mai hoton garinku ne kaɗai ke hannu, ku zauna da shi ku bi amsar da ke ƙasa kan abin da za a ce masa ya ɗauka.

To a ina ake samun su?

Hanya mafi sauƙi, wadda mutane da yawa ba sa lura da ita, ita ce karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin hoto ko gefensa. Duk hoton ambaliyar da ya burge ku a Aminiya, Daily Trust, Premium Times, HumAngle, ko a shafin BBC Hausa, DW, RFI, sau da yawa akwai sunan wanda ya ɗauka da na kamfanin dillancin labaran da ya raba shi, kamar AFP, Reuters ko AP. Waɗannan kamfanoni suna da mutanen da suke ɗaukar musu hoto a Kano, Maiduguri, Abuja da Yamai, kuma da yawansu ba ma'aikatan dindindin ba ne, suna karɓar aikin wasu. Ku rubuta sunan, ku neme shi a Instagram ko Facebook. Yawancinsu a nan suke baje aikinsu, kuma suna amsa saƙo.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙafa. Kowace jiha tana da sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, kuma a can wakilan jaridu ke zama. Ku je ku tambaya wa ya ɗauki hotunan ambaliyar bara. Haka nan jami'an yaɗa labarai na hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da na ta ƙasa wato NEMA, da na Red Cross, sun san wanda ke shiga kwalekwale da su da wanda ke tsayawa bakin kwalta. Sassan koyar da aikin jarida na jami'o'i, kamar na Bayero a Kano, na Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Maiduguri, su ma suna iya haɗa ku da tsofaffin ɗalibansu.

Ta uku ita ce rumbunan sunaye na intanet. Gidauniyar World Press Photo tare da Everyday Africa sun kafa rumbun sunayen 'yan jaridar hoto na Afirka, African Photojournalism Database. Akwai Women Photograph, mai tattara sunayen mata masu wannan sana'a, abin da ke da muhimmanci idan aikin zai kai cikin gidaje, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi izini. Akwai kuma Climate Visuals, ɗakin ajiyar hotunan sauyin yanayi da wata ƙungiya a Ingila ke kula da shi. Duka da Turanci suke, saboda haka a nemi wanda zai taya dubawa idan da buƙata.

Akwai sunayen da za mu duba aikinsu don mu san yadda aiki mai kyau yake?

Akwai. Sani Maikatanga, ɗan jaridar hoto na Kano, shi ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 da hoton da ya ɗauka na ambaliyar Auyo a Jigawa. Fati Abubakar ta yi suna da hotunan rayuwar yau da kullum a Borno, waɗanda ta fara sakawa ƙarƙashin sunan Bits of Borno, kuma aikinta darasi ne kan yadda ake ɗaukar mutanen da ke cikin wahala ba tare da an zubar musu da mutunci ba. A kudu, George Osodi ya shafe shekaru yana ɗaukar ɓarnar da man fetur ya yi wa yankin Neja Delta, Akintunde Akinleye kuma ya samu kyautar World Press Photo a 2007 da hoton fashewar bututun mai a Legas.

Daga waje, Gideon Mendel ɗan Afirka ta Kudu ya daɗe yana aiki a kan ambaliya. Tun 2007 yake bin ruwa ƙasa-ƙasa, ya zo Najeriya a ambaliyar 2012, ya sake dawowa Bayelsa a ta 2022. Salonsa shi ne mutum ya tsaya cikin ruwan da ya cika gidansa yana kallon kyamara ido da ido. Ba lallai ku iya ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan aiki ba, amma kallon hotunansu zai gyara muku ido kafin ku zauna ciniki da wani.

Gara ɗan gari ko wanda za a ɗauko daga Abuja ko Legas?

Ni dai ɗan gari nake zaɓa, ko aƙalla ɗan yankin, sai in babu. Dalili na farko hanya ce: ambaliya kan yanke ta. Lokacin da ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya kashe mutum fiye da 150, har hanyoyi da gadoji ya lalata. A 2022 ma motoci sun yi kwanaki cirko-cirko a Lokoja saboda ruwa ya hau babban titi. Wanda ke nesa yakan iso bayan abin da ake son ɗauka ya wuce.

Dalili na biyu harshe ne da sanin mutane. Wanda ke jin Hausa, ko Kanuri a Borno, ko Fulatanci a bakin Binuwai, zai san ya fara gaida mai unguwa ko bulama, zai ji abin da tsohuwa ke faɗa ba sai an fassara masa ba. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne zai iya dawowa. Labarin ambaliya ba ya ƙarewa ranar da ruwa ya shigo.

Yaushe ya kamata mu fara nema?

Da rani. Wannan ita ce amsar da na fi so mutane su riƙe daga wannan shafin gaba ɗaya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai kula da koguna kuma tana fitar da hasashen ambaliya kafin ruwa ya kankama, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Idan garinku na bakin kogin Haɗeja ne, ko Rima, ko Binuwai a ƙasan madatsar Lagdo ta Kamaru, ba ku ma buƙatar hasashe, kun san halin ruwanku. Ku samu mai hoton tun watan Maris ko Afrilu, ku yi magana, ku ajiye lambar juna.

Amfanin haka biyu ne. Ba za ku yi ciniki cikin ruɗani ba, sannan zai ɗauki garin yadda yake kafin ruwa. Hoton ɓarna ba shi da ƙarfi idan babu na kafin ɓarnar. A farkon Satumban 2024 mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Yau duk mai son sanin yadda ginin yake, sai dai ya koma ga hotunan waɗanda suka ɗauka tun yana tsaye. Haka makarantar garinku take, haka gadarku, haka jingar da kuka shekara uku kuna kai ƙorafi a kanta.

Ta yaya za mu gane ƙwararre ne, kuma hotunan da yake nunawa nasa ne?

Kada ku tsaya ga hoto ɗaya mai ɗaukar ido. Ku ce ya nuna muku aiki guda cikakke, hoto ashirin ko talatin daga wuri ɗaya, tare da bayanin kowanne. Wanda ya je wurin da ƙafarsa zai gaya muku ta ina ya shiga, wa ya tuƙa masa kwalekwale, ƙarfe nawa rana ta yi. Ku ɗauki hoto biyu ko uku daga cikin nasa ku saka a Google Lens ko TinEye, za su nuna muku inda hoton ya taɓa fitowa da sunan da aka jingina masa. Kusan duk damina sai an yaɗa hotunan Pakistan ko na wata tsohuwar shekara a ce na jiya ne, kuma yanzu ga waɗanda ake ƙirƙira da kwamfuta. Masu tantance labarai irin su Dubawa sun sha bankaɗo irin wannan.

Sai tambayoyi uku: shin yana ɗauka da tsarin RAW, wato asalin fayil ɗin da kyamara ta haifar ba a taɓa shi ba? Agogon kyamararsa daidai yake? A ina yake ajiye kwafi na biyu? Wanda ya yi jim a kan waɗannan, bai saba da aikin hujja ba. Ku kuma nemi lambar mutum ɗaya da ya taɓa ba shi aiki.

Me za mu ce masa ya ɗauka?

Ku fara gaya masa abin da za a yi da hotunan, domin hoton neman tallafi daban, na kai ƙara daban, na bincike daban. Bayan haka ku rubuta masa jerin wurare. Ya ɗauki faɗin wuri daga tudu ko saman bene don a ga iyakar ruwan, ya sauko ya ɗauki gida-gida, sannan ya matsa kusa. Ya ɗauki musabbabi, ba sakamako kaɗai ba: magudanar da shara ta toshe, kwalbatin da ya yi wa ruwan kaɗan, ginin da aka dasa kan hanyar ruwa, kacallar da ta cike kogi. A kwarin Haɗeja da Nguru, tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kacalla ta mamaye hanyoyinsa, sai ya riƙa fantsama cikin gonaki da garuruwa. Mai hoton da bai san wannan ba zai wuce ciyawar yana neman inda ake kuka.

Abu ɗaya da nake nacewa a kai shi ne shatin ruwa a jikin bango. A wani gida da na shiga bayan ruwa ya janye, shatin ya tsaya daidai ƙasan hoton mai gidan da ke rataye a zaure, layi ne mai ruwan ƙasa, miƙe kamar an ja da zare, ga ɓuntun shinkafa manne da shi. A tsakar gida uwargida ta baza takardun makarantar 'ya'yanta a kan tabarma, ta danne kowace da tsakuwa, tawadar ta narke ta koma shuɗi. Mai hoton da muke tare da shi ya jingina sandar awo jikin bangon ya ɗauka, sannan ya durƙusa ya ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan hotuna sun fi mana amfani a rahoto fiye da duk na ruwa mai gudu.

Nawa ake biya? Idan ba mu da kuɗi fa?

Babu tsayayyen farashi, kuma kuɗin mota da na masauki suna sauyawa kullum. Abin da ya kamata ku sani shi ne yadda lissafin yake: kuɗin aikin yini, kuɗin ranakun tafiya, mota da kwalekwale da ɗan jagora, masauki da abinci, ranar zaman tace hotuna da rubuta bayanansu, sai kuɗin izinin amfani da hoton, wanda aka yi bayaninsa a amsa ta gaba. Ku nemi ya rubuto kowanne daban. An saba ba da wani kaso kafin tafiya, sauran bayan an miƙa aiki. Ku tuna kyamararsa jarinsa ce, kuma ruwa da laka maƙiyanta ne.

Idan aljihu babu nauyi, ku faɗa masa gaskiya tun farko. Wasu za su yarda ku ɗauki nauyin tafiya da masauki, su ba ku hotuna ku yi amfani da su, su kuma su sayar wa jaridu. Garuruwa uku ko huɗu da ke kan kogi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya. Akwai kuma hotunan kyauta a Wikimedia Commons, inda masu aikin Wikipedia ta Hausa suke saka nasu, da sharaɗin a ambaci sunan mai hoto. Abin da ba na goyon baya shi ne a ce wa matashi ya zo ya yi don ya yi suna, alhali an ware kuɗin abinci da na fetur na manyan baƙi.

Idan mun biya, hotunan sun zama namu ke nan?

Ba kai tsaye ba. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin hoto yana farawa ne a hannun wanda ya ɗauka, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Abin da kuka saya yawanci izinin amfani ne. Saboda haka a rubuta, ko da shafi ɗaya ne: hoto nawa zai miƙa, yaushe, a ina za ku iya amfani da su, na tsawon wane lokaci, ko za ku iya ba wa jarida ko wata ƙungiya, ko shi zai iya sayarwa, da yadda za a rubuta sunansa. Idan kuna son mallaka gaba ɗaya, kuɗin zai ƙaru, kuma daidai ne ya ƙaru.

A saka a takardar cewa zai adana asalin fayilolin kuma zai fito da su idan an buƙata. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi hujja.

Yaya batun izinin mutanen da za a ɗauka?

Wanda ruwa ya kora daga gidansa ya fito ne yadda ya samu kansa, wata ba mayafi, wani ba riga. Ba su zaɓi a gan su haka ba. Mai hoton kirki yakan sauke kyamara ya yi sallama, ya jajanta, ya faɗi ko shi wane ne, wa ya aiko shi, da inda hoton zai je, har ya bayyana cewa zai iya yawo a intanet inda ba mai iya dawo da shi. Wanda ya ce a'a, an gama. Izinin dagaci yana buɗe gari, amma ba ya maye gurbin izinin mai fuskar. Yara sai da yardar iyaye. Gawa kuwa, ni a wurina ba a ɗaukar fuskarta, ba a kuma yaɗa ta. Ana iya nuna girman rashi da sahun masu sallar jana'iza ko jerin sababbin kaburbura.

A gidajen da maza baƙi ba sa shiga, mace mai hoto ce kaɗai za ta ga abin da ruwa ya yi wa ɗakin uwargida, kayan ɗakin amarya, jarin mai ƙuli-ƙuli da ya narke. Rabin asarar ambaliya a can take, kuma ita ce ba a cika gani a jarida ba. Wani abu kuma: kada a haɗa ɗaukar hoto da rabon kaya, har mutum ya zaci sai ya tsaya an ɗauke shi zai samu buhu. Kada kuma mai hoto ya yi alkawarin taimakon da ba a hannunsa yake ba.

Muna son hoto daga sama. Za a iya amfani da jirgi marar matuƙi?

Hoton sama shi ke nuna faɗin ɓarna da hanyar da ruwa ya bi, amma yana da doka. A Najeriya ana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A farkon 2025 rundunar soji ta hana tashin irin waɗannan jirage a arewa maso gabas saboda dalilan tsaro. A Nijar ma ba abin da ake tayarwa ba izini ba ne. Ku tambayi mai hoton takardunsa, kada ku jefa shi da kanku cikin matsala.

Idan bai samu ba, akwai hotunan tauraron ɗan'adam kyauta. Sentinel-1 na Tarayyar Turai yana gani ta cikin gajimare, abin da ke da amfani a tsakiyar damina, Google Earth kuma yana nuna tsofaffin hotunan wuri na shekarun baya. Malaman sashen nazarin ƙasa a jami'a mafi kusa za su iya fitar muku da su.

Wane haɗari ne ke cikin aikin, kuma wa ke da alhaki?

Ruwan ambaliya yana ɓoye rijiya, masai, wayar lantarki da macizai. A Maiduguri har dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi ruwa ya fitar, aka gargaɗi jama'a kan kadoji da macizai. Bayan ruwa kuma sai amai da gudawa. Wanda ya aiki mai hoto yana da alhakin samar masa rigar hana nitsewa, matuƙin kwalekwalen da sarkin ruwa ya yarda da shi, da ɗan jagora ɗan gari. Kada a matsa masa ya shiga inda ya ce bai amince ba, kada kuma ya cinye gurbin wanda ake ceto a cikin jirgi.

Hoton zai iya zama hujja a gaban hukuma ko kotu?

Zai iya, idan an kiyaye shi. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya tanadi sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura, har da takardar shaida kan na'urar da yadda aka samar da abin. Lauyanku ne zai tsara wannan, amma ba zai iya komai ba idan asalin fayil ya ɓace. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani na rana, lokaci, irin kyamara, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. Tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto yana goge wannan bayanin, sai dai a tura a matsayin fayil, wato ta zaɓin "Document". A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya ba a garin da ruwa ke ci ba.

Gyaran haske kaɗan ba laifi, amma ba a cire komai, ba a ƙara komai. Kada kuma a shirya wuri: a ce wa yaro ya koma cikin ruwa don a sake ɗauka, ko a jawo mushen akuya kusa da ƙofa. Hoto ɗaya da aka gano an shirya shi yana iya zubar da ɗari na gaskiya, tare da ƙorafin garin baki ɗaya.

Matsalarmu ba ambaliya ba ce, zaizayar ƙasa ce da hamada. Mai hoto ɗaya ne?

Sana'ar ɗaya ce, haƙurin ne ya bambanta. Kwarin da ke cin unguwanni a Gombe, ko tudun yashin da ke matsowa kan gidaje a Yusufari da Yunusari a Yobe, ba sa nuna motsinsu a yini ɗaya. Ana kafa alama, dutse ko turken siminti, a tsaya a kanta a ɗauki wuri ɗaya, da tsayi ɗaya, a wata ɗaya na kowace shekara. Nan ma ɗan gari ya fi, kamar yadda aka faɗa a sama. Kuma a kula da lokacin shekara: Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya rage shi ƙwarai, yana cika yana janyewa tsakanin damina da rani. Wanda ya jera hoton Oktoba da na Mayu ya ce ga yadda tafki ya ƙafe, ya yaudari mai kallo ko da bai yi niyya ba.

Wata ɓarnar ma ido ba ya ganinta. Gubar dalmar da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 tana cikin ƙurar tsakar gida ne, inda ake niƙa duwatsun zinariya. A hoto, ƙasa ce kamar kowace ƙasa. Irin wannan aikin sai mai hoto ya tafi tare da masu gwajin ƙasa da ruwa, ya ɗauki inda aka ɗebi samfur da lambar da aka rubuta a jikin kwalba, bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya ɗauki sauran nauyin.

Ruwa ya riga ya janye, sai yanzu muka ga wannan. Mun makara?

Ba ku makara ba. Shatin ruwa yakan yi watanni a jikin bango idan ba a yi shafe ba, don haka ku roƙi mutane su dakata da fenti a gida biyu ko uku har a ɗauka. Yashin da ya binne gona yana nan, karan gero da ya kwanta ya ruɓe yana nan, ajin da 'yan gudun hijira suka mayar ɗakin kwana yana nan. Watan da manyan kyamarori suka tafi shi ne watan da farashin hatsi ke tashi, ake sayar da akuyar ƙarshe, ake kwaɓa sabuwar ƙasa a kan tsohon tushe, kuma da wuya a samu mai ɗaukar wannan.

Kafin mai hoton ya iso, ku sa matasa biyu su zagaya gari su tattara hotuna da bidiyon da mutane suka ɗauka ranar da ruwa ya shigo, kai tsaye daga wayar da ta ɗauka, ta igiyar haɗa waya da kwamfuta ko katin ajiya, ba ta WhatsApp ba. A rubuta a littafi sunan mai wayar, unguwa, rana, da ko ya yarda a yi amfani da shi. Idan mai hoton ya zo, ku ba shi littafin, ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya daidai inda mai wayar ya tsaya ya sake ɗauka.